Daga Mashaya Zuwa Kabad: Tarihin Moɗayen Tangaran Masu Siffar Mutum na Ingila da Al'adar Tara Su

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin moɗayen tangaran da ake ginawa a siffar mutum a ƙasar Ingila tun wajajen shekarun 1760, waɗanda aka fi sani da sunan Toby, da kuma nau'insu na baya mai kai da kafaɗu kawai wanda kamfanin Royal Doulton ya fito da shi a 1934. Manufar nazarin ita ce gano inda darajar irin wannan kaya take fitowa. An bibiyi tarihin moɗar a matakai uku: lokacin da take abin zuba giya, da lokacin da ta zama hoton shahararrun mutane, da lokacin da ta zama hajar da ake ginawa musamman domin masu tarawa. Maƙalar ta gano cewa darajar ta tashi daga amfani ta koma kan labari, sannan ta koma kan ƙaranci, kuma ƙarancin da kamfani ya ƙago da gangan bai ɗore kamar wanda tarihi ya haifar ba. Daga ƙarshe an nuna abin da manazarcin al'adun Hausawa zai amfana da shi wajen taskace kayan jere da na ginin tukwane.

Fitilun Kalmomi: tangaran, moɗa, Toby, tara kayan tarihi, jere

1.0 Gabatarwa

Masana al'ada sun daɗe da yarda cewa kayan amfanin gida suna ɗauke da tarihin al'ummar da ta samar da su, tamkar yadda waƙa da tatsuniya suke ɗauke da shi. Bambancin kawai shi ne, kayan gida ba su cika samun mai kula da su ba sai sun kusa ɓacewa. Moɗar Toby tana daga cikin 'yan kayan da suka yi sa'a. An fara gina ta domin teburin masu ƙaramin ƙarfi, amma cikin shekaru ɗari biyu da hamsin ta samu marubuta da gidajen adana kayan tarihi da kasuwar gwanjo da ƙungiyoyin masoya. Saboda haka ana iya bin sawunta daki-daki, a ga yadda abin da aka yi domin sha ya koma abin da ba a yarda ko ruwa ya taɓa shi ba.

Kafin a shiga batun, ya kamata a daidaita suna. Tulu babba ne kuma ba a zuba abin sha da shi a teburi. Buta tana da siririn baki da ake tsiyayawa ta cikinsa. Moɗa kuwa tana da mariƙi a gefe da buɗaɗɗen baki, kuma ana ɗaukar ta da hannu ɗaya, don haka ita ce ta fi kusa da abin da ake magana a kai. A wannan maƙala za a kira mai cikakken jiki "moɗar Toby", mai kai da kafaɗu kawai kuma "moɗar fuska". Wannan rabe-rabe shi ne masu tarawa suke bi.

2.0 Ra'in Nazari

An ɗora nazarin a kan ra'in tarihin rayuwar kaya, wanda Igor Kopytoff ya bayyana a 1986 cikin littafin da Arjun Appadurai ya tace. Ra'in yana cewa kaya suna da tarihin rayuwa kamar mutane. Abu ɗaya yana iya zama haja a yau, gobe ya zama gado ko kyauta da ba a sayarwa, jibi ya sake komawa kasuwa da sabon farashi. Tambayar da mai nazari zai yi ita ce: a wane mataki kayan suke, kuma wa ya sauya musu matsayi? Wannan ita ce tambayar da aka bi a sassan da ke tafe.

3.0 Kafin Bayyanar Toby

Sanya wa tukunya fuskar mutum tsohuwar dabara ce da al'ummomi da dama suka yi ba tare da sun koya daga juna ba. Al'ummar Moche ta ƙasar Peru ta gina tukwane masu kamannin kawunan mutane fiye da shekara dubu da suka wuce. A Ingila kanta, maginan ƙarni na 13 da na 14 a wurare irin su Scarborough da Grimston sun riƙa manna fuskoki masu gemu a jikin tuluna. A ƙarni na 16 da na 17 kuma, garuruwan Cologne da Frechen na Jamus sun cika kasuwannin Turai da kwalaben yumɓu masu fuskar dattijo mai gemu a wuyansu. Ingilishi sun laƙaba musu sunan Bellarmine, wato sunan wani babban limamin Katolika da mabiya ɗariƙar Furotesta ba sa ƙauna, domin zolaya.

A waɗannan misalai na Turai, fuskar ado ce da aka ɗora wa tukunya. Sabon abin da Staffordshire ta kawo shi ne mayar da moɗar gaba ɗayanta mutum: cikinsa shi ne ma'ajin giya, malafarsa ita ce bakin zubawa, mariƙin kuma yana maƙale a bayansa.

4.0 Bayyanar Toby a Staffordshire

Arewacin gundumar Staffordshire yana da garuruwan magina guda shida: Burslem da Tunstall da Hanley da Stoke da Fenton da Longton, waɗanda aka haɗe su a 1910 da sunan Stoke-on-Trent. Yankin yana da yumɓu da kwal a kusa da juna. A ƙarni na 18 maginan suka fara shigo da farin yumɓu daga Devon da Dorset suna gauraya shi da niƙaƙƙen dutsen ƙanƙara, suka samu tangaran mai launin madara. Hanyar ruwan Trent da Mersey da aka kammala haƙawa a 1777 ta sauƙaƙa jigilar kaya masu saurin fashewa. A cikin wannan yanayi ne Toby ya bayyana.

Siffarsa ta asali ba ta cika sauyawa ba: dattijo mai tumbi zaune a kujera, sanye da doguwar kwat da malafa mai kusurwa uku, yana riƙe da tulun giya a gwiwa, wani lokaci da lofe a gefe ko ƙaramar ganga tsakanin ƙafafunsa. Tsayinsa yakan kai kimanin santimita 25. Ƙoƙon malafar yana cirewa, ya zama murfi ko kofin sha. Sunan da aka fi dangantawa da mafi ingancin moɗayen farko shi ne na gidan Wood na Burslem, wato Ralph Wood na ɗaya (1715–1772) da ɗansa Ralph Wood na biyu (1748–1795), sai ɗan'uwansu Enoch Wood (1759–1840).

4.1 Asalin Sunan Toby

Masana sun kawo ra'ayoyi da dama. Wasu sun danganta sunan da Sir Toby Belch, mashayin da ke cikin wasan kwaikwayon Twelfth Night na Shakespeare. Wasu sun kawo labarin wani mutumin Yorkshire mai suna Henry Elwes da ya yi suna wajen sha. Ra'ayin da ya fi rinjaye shi ne na waƙar The Brown Jug ta wani limamin coci mai suna Francis Fawkes, wadda aka buga a 1761. Waƙar tana ba da labarin wani mashayi, Toby Fillpot, wanda ya mutu aka binne shi, gawarsa ta rikiɗe ta koma yumɓu, sai wani magini ya haƙo yumɓun ya gina tulun giya da shi. An kuma buga zanen wannan tauraro ana sayarwa tare da baitocin. Wannan ra'ayi yana da ƙarfi domin ya yi bayanin suna da siffa a lokaci guda: a waƙar mutum ne ya zama tulu, a hannun magini kuma tulu ya zama mutum.

Akwai kuma yanayin zamantakewa da ya sa siffar ta samu karɓuwa. A farkon rabin ƙarni na 18 barasa mai ƙarfi da ake kira jin ta yi mummunar ɓarna a tsakanin talakawan Landan, har majalisa ta kafa doka a kanta a 1751. A wannan shekara mai zane William Hogarth ya fitar da zane-zane biyu da suke kwatanta unguwar masu shan giyar sha'ir cikin walwala da unguwar masu shan jin cikin halaka. A idon Ingilishin wancan zamani, ke nan, dattijo mai tumbi da tulun giyar sha'ir alama ce ta wadata da kishin ƙasa. Toby na farko ba hoton wani takamaiman mutum ba ne, hoton yadda talakan Ingila yake son ganin kansa ne.

4.2 Fasahar Gini

Abin da ya ba da damar yawaita moɗar shi ne mazubi, wato kwarmin filasta da aka fitar da siffar a cikinsa, wanda ya shigo Staffordshire wajajen shekarun 1740. Magini yakan danna faifan yumɓu a cikin ɓangarorin mazubin, ya haɗa su, sannan ya manna hannuwa da mariƙi da lofe. Daga baya aka koma zuba narkakken yumɓu a cikin mazubin, filasta ta tsotse ruwan, a tsiyaye ragowar.

Wajen launi, an bi hanyoyi uku waɗanda suke taimaka wa mai nazari gane zamanin moɗa. Hanya ta farko ita ce ta gidan Wood: ana gauraya ruwan ƙyalli mai dalma da sinadaran ƙarafa, jan ƙarfe ya ba da kore, kobal ya ba da shuɗi, manganis ya ba da ruwan ƙasa, a shafa da buroshi. Launin yakan fito garau, har a hango farin tangaran ta ƙarƙashinsa. Hanya ta biyu, wadda ake dangantawa da gidan Pratt a ƙarshen ƙarni na 18, ita ce zana launi a ƙarƙashin ƙyalli kafin gashi. Ta uku ita ce shafa fenti a kan ƙyallin bayan gashi, a sake gasawa da 'yar wuta kaɗan. Wannan ta fi yawan launuka, amma fentinta yakan ɓanɓare da tsufa.

4.3 Ire-iren Toby na Farko

Ba a daɗe ba magina suka fara sauya siffar. Aka samu siriri, da mai gonaki, da mai gadin dare, da mai shaƙar taba, da matuƙin jirgin ruwa. Daga nan mutane na haƙiƙa suka fara shigowa. Nasarar Admiral Rodney a kan Faransa a 1782 da ta Lord Howe a 1794 sun sa aka laƙaba sunayensu ga wasu moɗaye. Martha Gunn, wata mata da sana'arta ita ce tsoma masu wankan teku a garin Brighton, ita ma ta samu tata moɗar. A nan ne mataki na biyu ya fara tsiro: mai saye ya fara biyan kuɗin labarin da ke jikin moɗar, ba girman cikinta kawai ba.

5.0 Daga Teburi Zuwa Kan Kanta

A ƙarni na 19 masana'antu da yawa suka shiga sana'ar, farashi ya sauka, inganci ma ya ragu. Gilashi ya yi arha, ya karɓe aikin zuba abin sha, Toby kuwa ya koma kan kantar da ke saman murhun ɗumama ɗaki tare da sauran kayan ado. A Landan, masana'antar da John Doulton ya shiga a Lambeth a 1815 ta gina moɗaye masu kamannin Admiral Nelson, da kwalabe masu siffar 'yan siyasar da suka goyi bayan dokar gyaran zaɓe ta 1832. A ƙarshen ƙarnin, 'yan'uwan nan da ake kira Martin Brothers sun riƙa gina moɗayen fuska da hannu a Southall, kowace da irin yatsinarta.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kawo wani sabon salo. Tsakanin 1915 da 1919 kamfanin A. J. Wilkinson ya fitar da jerin moɗaye 11 na shugabannin ƙasashen ƙawance, bisa zanen mai barkwancin siyasa Francis Carruthers Gould. A cikinsu akwai Sarki George na Biyar da Lord Kitchener da Lloyd George da Marshal Foch na Faransa da Shugaba Wilson na Amurka. Kowace an gina ta a ƙayyadadden adadi. Abubuwa biyun da za su mamaye kasuwar daga baya sun bayyana a nan: jeri wanda mai saye zai so ya kammala, da adadi wanda aka taƙaita tun daga masana'anta.

6.0 Royal Doulton da Moɗar Fuska

Henry Doulton, ɗan John, ya sayi hannun jari a wata masana'anta da ke titin Nile a Burslem a 1877, kuma a 1901 Sarki Edward na Bakwai ya ba kamfanin izinin amfani da laƙabin sarauta a sunansa. Charles Noke (1858–1941), wanda ya zo kamfanin daga Worcester a 1889 har ya zama shugaban sashen zane, shi ne ya farfaɗo da al'adar ta wata sabuwar fuska. Ya yar da gangar jiki da kujera, ya bar kai da kafaɗu, domin fuska ta samu fili. A 1934 aka fitar da John Barleycorn, tauraron da yake wakiltar sha'ir a adabin bakan Ingila, da Old Charley mai gadin dare. Sairey Gamp, ungozomar da ke cikin wani littafin Charles Dickens, ta biyo baya, mariƙinta kuwa lema ce.

Wannan mariƙi shi ne ya zama babbar fasahar kamfanin, musamman a hannun Max Henk a shekarun 1950. Long John Silver, ɗan fashin teku na littafin Treasure Island, mariƙinsa aku ne. Anne Boleyn, matar Sarki Henry na Takwas da aka fille wa kai a 1536, mariƙinta gatari ne da kututturen sara. Wato mariƙin ya tashi daga abin kamawa ya zama kirari, yana taƙaita tarihin mai fuskar a alama ɗaya. Irin wannan mariƙi ba ya daɗin riƙo, kuma wannan kaɗai ya isa shaida cewa an daina tunanin zuba wani abu a ciki.

Kamfanin ya fitar da ɗaruruwan fuskoki a girma huɗu, daga babba zuwa mitsitsi, kowace da lambarta mai farawa da harafin D. Idan aka dubi waɗanda aka zaɓa, za a ga sarakuna da mayaƙa da taurarin littattafai da masu sana'o'in gargajiya, sannan daga baya taurarin fim da shugabannin Amurka, domin can kasuwar ta fi ƙarfi. Jerin fuskokin, ke nan, wani irin tarihi ne da mai saye ya tace: wanda zai sayu shi ne ya samu shiga.

7.0 Al'adar Tarawa

7.1 Masu Tarawa da Marubuta

Tarawa ta ilimi ta fara ne a ƙarshen ƙarni na 19. Henry Willett, wani attajirin Brighton, ya tara tangaran na talakawa bisa ra'ayin cewa ana iya karanta tarihin ƙasa a jikin kayan gidanta, kuma tarinsa yana gidan adana kayan tarihi na garin. Kyaftin R. K. Price ya wallafa littafi a kan tarinsa na ayyukan Astbury da Whieldon da Ralph Wood a 1922, Desmond Eyles kuma ya wallafa Good Sir Toby a 1955. Waɗannan rubuce-rubuce ne suka raɗa wa ire-iren moɗar sunaye, suka jera su bisa zamani. A 1980 Royal Doulton ya kafa ƙungiyar masu tara kayansa ta duniya. A Amurka kuma Stephen Mullins ya kafa gidan adana moɗayen Toby a garin Evanston na jihar Illinois, inda aka tara fiye da guda 8,000.

7.2 Abubuwan da Ke Sa Daraja

Ana iya kasa ƙaranci gida uku. Na farko shi ne wanda tsufa ya haifar. Moɗayen ƙarni na 18 an yi amfani da su, sun faffashe, murafunsu sun ɓace, don haka wadda ta tsira da murfinta na asali takan yi tsada. Da ma da tsohuwar zuma ake magani.

Na biyu shi ne wanda kuskure ko tsautsayi ya haifar. Moɗar Granny ta 1935 ta fara fitowa ba haƙori, daga baya aka ƙara mata guda ɗaya, sai ta farkon ta zama abin nema. Haka Drake na 1940 marar malafa. Moɗar Winston Churchill ta 1940 mai mariƙi biyu ba ta daɗe a kasuwa ba aka janye ta. Ta ɗan fim Clark Gable ta 1984 ma an janye ta domin masu kula da gadonsa ba su amince da ita ba. Abin lura a nan shi ne, moɗayen da kamfani ya ɗauka a matsayin gazawa su ne suka fi waɗanda suka yi nasara tsada.

Na uku shi ne wanda kamfani ya ƙago: ƙayyadadden adadi da takardar shaida da "moɗar shekara", wadda Royal Doulton ya fara fitarwa a 1991. Irin wannan moɗa ba ta taɓa zama kayan amfani ba. An haife ta a kwali, ta zauna a kabad.

7.3 Tantance Na Gaske da Jabu

Hausawa na cewa kama da wane ba ta wane. An yi ta kwaikwayon Toby na farko tun ƙarni na 19, kuma masana'antu irin su ta William Kent a Burslem sun ci gaba da gini da tsofaffin mazubai har cikin ƙarni na 20. Mai tantancewa yakan fara da gindin moɗa. Yawancin na ƙarni na 18 ba su da tambari. Kalmar England ta fara bayyana ne daga 1891, bayan dokar harajin McKinley ta Amurka ta wajabta nuna ƙasar da aka yi kaya. Alamar rajista mai siffar lu'ulu'u tana nuna tsakanin 1842 da 1883, lambar rajista kuwa daga 1884. Tambarin zaki da kambi na Royal Doulton ya fara ne a farkon ƙarni na 20. Bayan tambari sai nauyi, domin tsofaffin sukan fi kwaikwayonsu sauƙin ɗauka. Sai kaifin zane, domin mazubi yana dakushewa da yawan aiki. Sai gogewar gindi, wadda ya kamata ta kasance inda moɗar take taɓa teburi. Gyaran da aka ɓoye da fenti yakan bayyana a ƙarƙashin fitilar da ake duba takardun kuɗi da ita.

7.4 Faɗuwar Kasuwa

Kasuwar moɗar fuska ta kai ƙololuwa a shekarun 1980 da farkon 1990. Zuwan kasuwannin intanet irin su eBay, wanda aka kafa a 1995, ya tona wani asiri. Moɗar da mai nema yake yawon shekaru bai gani ba a garinsu, sai ga ta birjik a hannun mutane da yawa, kowa da kwalinsa da takardarsa. Da yake kowa ya adana tasa, babu wadda ta fashe, ƙarancin da aka yi alkawari bai samu ba. Ga shi kuma masu tarawa sun tsufa, magadansu ba su san taurarin da ke jikin moɗayen ba, gidajen zamani kuma ba su da wurin kabad. Farashin na gama-gari ya faɗi ƙwarai. An rufe masana'antar titin Nile a 2005, kuma a 2011 kamfanin ya daina gina moɗayen fuska. Amma ayyukan gidan Wood da 'yan moɗayen da aka janye sun ci gaba da samun masu nema a gwanjo, domin ƙarancinsu ba na talla ba ne.

8.0 Darasi ga Nazarin Al'adun Hausawa

Ginin tukwanen Hausawa bai bi hanyar siffanta mutum ba. Adonsa zane ne da layuka da gogewa, kuma matsayin Musulunci game da mutum-mutumi ya ƙarfafa hakan. Tukwane masu siffar mutum a arewacin Nijeriya an fi samun su a tsakanin al'ummomi irin su Ga'anda da Yungur na jihar Adamawa, kuma aikinsu na tsafi ne da tunawa da magabata. Alaƙar da ke akwai, ke nan, tana cikin tarihin rayuwar kayan.

Misali na farko shi ne Ladi Kwali, maginiya Bagwariya wadda hotonta yake jikin naira 20. Baturen Ingila Michael Cardew ya ga tukwanenta a gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau, kuma ta shiga cibiyar koyar da gini da ya kafa a Abuja, wato Suleja ta yau, a 1954. A can aka riƙa gasa tulunanta da wuta mai ƙarfi ana shafa musu ƙyalli. Suka yi nauyi, suka daina sanyaya ruwa, suka koma kayan baje koli a Landan. Tafiyar da Toby ya yi cikin ƙarni biyu, tulun Ladi ya yi ta cikin 'yan shekaru.

Misali na biyu shi ne jere. Matan Hausawa sun daɗe suna tara kaya domin nuni da kuma ajiyar dukiya, kuma kayan sun yi ta sauyawa, daga ƙwarya zuwa tasa, zuwa kwanukan langa da samira, zuwa tangaran da kuloli. Barbara Cooper ta taɓo muhimmancin kayan ɗaki a littafinta na 1997 kan aure a Maraɗi. Kowane yayin kwano ya zo da sunan da mata suka raɗa masa da farashinsa da zamaninsa, kuma waɗannan bayanai suna bakin tsofaffin da suke ƙarewa. Sylvia Leith-Ross ta yi wa tukwanen gidan adana kayan tarihi na Jos kundi a 1970. Kayan jere ma suna buƙatar irin wannan aiki: hoto da suna da wurin ƙira da shekarar yayi da labarin mai shi. Abin da ya ceci Toby daga mantuwa shi ne mutanen da suka zauna suka rubuta, tun ana yi wa moɗar kallon tarkacen talakawa.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta bibiyi moɗar tangaran mai siffar mutum tun daga Staffordshire ta shekarun 1760 har zuwa dakatar da ginin moɗar fuska a 2011. An ga cewa ta fara a matsayin abin zuba giya mai hoton talaka marar suna, ta koma hoton jarumai da taurari, sannan ta zama hajar da ake ginawa domin kabad. A kowane mataki akwai waɗanda suka sauya mata matsayi: magini da mai waƙa a farko, marubuci da attajiri a tsakiya, kamfani da ƙungiyarsa a ƙarshe. An kuma ga cewa darajar da ta dogara ga talla ta rushe da zarar kasuwa ta buɗe, wadda ta dogara ga tsufa da ingancin aiki da rubutaccen tarihi kuwa ta tsaya. Shawarar da maƙalar take bayarwa ita ce sassan nazarin Hausa su ɗauki taskace kayan jere da na ginin tukwane a matsayin aikin bincike na ɗalibai, a fara da ɗakunan iyaye da kakanni, tun masu bayanin suna raye.